Ɗalibar da Na Kayar a Jarrabawa

Ranar Asabar da ta wuce uku daga cikinku, malaman lesin nan, suka same ni a ofis, suka ce in haɗa su da Sinawan da ke neman malamin Turanci ta waya. Ɗaya ma ya ce, "Malam, ai aikin zaune ne. Ka kunna waya, ku yi hira na awa guda, shi ke nan." Ban amsa a ranar ba saboda akwai ɗalibai a aji. Yau da muke mu kaɗai zan amsa, sai dai ku gyara zama, domin amsar tana da tsawo.

A unguwar Mafoni na koyi wannan sana'a, a zauren Baba Musa. Mutumin wajen Biu ne, Kirista, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya ya buɗe lesin na yamma ga masu shirin jarrabawar gama sakandare. Ni kuwa iyayena mutanen Kano ne da suka zauna a unguwar Fezzan, na fito daga kwalejin horon malamai ina ji da kaina saboda na haddace littafin nahawu tun daga bango har bango. Wata shida na farko Baba Musa bai bar ni na taɓa alli ba. Aikina in zauna a bencin baya, in rubuta duk kuskuren da na ji ɗalibi ya yi, a gefensa kuma in rubuta harshen da ake yi a gidansu. In an tashi sai ya karɓi littafin ya duba. Shi ya nuna mini cewa inda Bahaushe yake tuntuɓe a Turanci daban ne da inda ɗan Kanuri yake yi, na Shuwa daban, na mutanen kudancin Borno daban.

"Sani," in ji shi, "kowane kuskure da gidan da ya fito. In ba ka san gidan ba, ajiye jan biron nan."

Kayan aikinsa ba su da yawa. Rediyo mai kaset da yake sa wa yara muryoyin Turawa, agogon tebur mai ƙararrawa, jan biro, da tsofaffin takardun jarrabawa ɗaure da roba. Babu aikin da yake bayarwa ba tare da ya murɗa agogon nan ba. In ya yi ƙara, ko kana tsakiyar kalma ne, ka ɗaga hannu.

Da na buɗe nawa lesin a Fezzan na yi shekara ashirin da wani abu ina shirya yara, kuma na yi suna. A hankali na gane cewa jarrabawar da yaranmu ke yi ana iya cinta da nahawu da hadda. Sai na rubuta insha'i kamar talatin, na cika su da manyan kalmomi, yara su haddace, duk tambayar da ta fito su lanƙwasa ɗaya su zuba. Suna ci kuwa. Kayan aikin da na saya irin na Baba Musa kuwa, kaset ya lalace ban gyara ba, agogo ya koma ɗakin matata.

Sai shekarar da garin nan ya zauna babu wutar lantarki, wata bayan wata. Kun tuna da ita. Lesin na yamma ya mutu, domin iyaye ba sa barin yara su kai magariba a waje, man janareto kuma ya fi ƙarfina. Daga benci goma sha biyu na koma biyu. Akwai ranakun da nake buɗe aji in share, in zauna har la'asar, in rufe.

A cikin wannan hali maƙwabciyarmu Ya Falmata ta aiko a kira ni. Ita ce mai dafa abinci a wani gida a GRA, inda Sinawa masu haƙa rijiyoyin burtsatse da kafa musu sola suke zaune. Na taɓa shirya 'yarta ta ci jarrabawa, don haka a wajenta babu malamin da ya kai ni.

"Malam Sani, akwai yarinya a gidan aikina," ta ce. "Lan sunanta, amma ni Lami nake ce mata. Ita ke auna ruwan rijiya ta ga ko zai shawu. Tana son tafiya ƙaro karatu ƙasar Turawa, an ce sai ta ci jarrabawar Turanci. Na gaya wa maigidan ina da malami."

Washegari na sa rigata mafi kyau na hau keke zuwa GRA. Shugabansu, Mista Gao, dattijo ne gajere mai furfura, Turancinsa na wurin aiki ne, gutsure-gutsure amma ana ganewa. Ya zaunar da ni a baranda, aka kawo shayi maras sukari. Ya ce Lan 'yar abokinsa ce, amana ce a hannunsa. Wata jami'a ta ba ta gurbi da tallafin karatu, da sharaɗin ta kawo sakamakon jarrabawar kafin wata uku. Ana neman maki bakwai. Sai ya tambaye ni kai tsaye.

"Ka san wannan jarrabawar?"

Sunanta kawai na taɓa ji. Ban taɓa ganin takardarta ba, ban san sassanta nawa ba, ban san yadda ake ba da maki ba.

"Na shirya mutane da yawa," na ce.

Ya Falmata tana tsaye a bakin kicin tana murmushi. Mista Gao ya miƙo hannu muka gaisa, aka tsayar da kwana huɗu a mako, daga ƙarfe huɗu zuwa shida.

Darasin farko ba zan manta da shi ba. Lan ta fito da littattafai uku masu kauri, da rubutun Sinanci a gefen kowane shafi, da ƙananan katuna da ta rubuta kalmomi a kai, sun fi dubu, ɗaure da zare. Shekarunta ba su wuce ashirin da biyar ba. Ta miƙe tsaye da na shigo, ba ta zauna ba sai da na zauna. Daga littattafanta na fara sanin cewa jarrabawar kashi huɗu ce: sauraro, karatu, rubutu, da magana baki da baki da mai jarrabawa. Na riƙa juya shafuka ina gyaɗa kai kamar wanda ya san su tun tuni. Na ce mata littattafan ba laifi, amma ni ina da hanyata.

Hanyata ita ce wadda na saba. Na ɗauko insha'ina na hadda na gyara su, na ƙara musu kalmomin da ko Baturen ma sai ya buɗe ƙamus. Na rubuta mata jawabai ashirin a kan garinsu, da aikinta, da abincin da take so, da amfanin karatu. Ban taɓa ganin mai hadda irinta ba. Abin da yaranmu ke ɗauka a mako, ita a kwana ɗaya take kawo shi, babu waƙafi ɗaya da ya faɗi. Ina jin daɗi, ina gaya wa Mista Gao cewa aiki yana tafiya.

Sashen sauraro kuwa, littattafanta sun zo da muryoyi a cikin waya. Sau ɗaya muka kunna. Wasu Turawa biyu suna magana a kan hayar ɗaki, da sauri, ɗaya yana katse ɗaya. Rabin abin da suka faɗa ya wuce ni. Na ce ta kashe, sautin wayar ba shi da kyau. Daga ranar ni nake karanta mata rubutun da bakina, a hankali, kalma bayan kalma, in maimaita in ta nema. Tana cin duka. Ban lura ba, ko kuma ban so in lura ba, cewa har ta fara furta wasu kalmomin irin nawa, da tuntuɓen Bahaushe a kan tuntuɓenta na gida.

A mako na shida ta yi magana. Ta jira na gama shan shayi, sannan ta turo mini wayarta.

"Malam, ka yi haƙuri. Waɗanda suka yi jarrabawar a ƙasarmu sun rubuta cewa in mai jarrabawa ya gane hadda ce, rage maki yake yi. Sun kuma ce a riƙa gwaji da agogo."

Ban ko kalli wayar ba. Na ce, "Shekara nawa suka yi suna koyarwa?"

Ta ce ba ta sani ba.

"Ni na yi ashirin da biyar. In kin fi yarda da waya, sai in bar miki ita."

Ta miƙe tsaye ta ba ni haƙuri. Ba ta sake tayar da maganar ba. Daga baya na fahimci cewa a tarbiyyarsu ɗalibi ba ya ja da malami, kuma wannan sau ɗayan da ta yi, sai da ta kwana biyu tana shirya shi. Ni na ɗauki shirunta a matsayin na yi gaskiya.

A Abuja ake zana jarrabawar. Ta tafi ta dawo, na tambaye ta yaya, ta ce mai jarrabawar ya yi ta katse ta. Duk lokacin da ta kama jawabin da ta haddace sai ya ɗaga hannu ya jefo wata tambayar. A sashen sauraro kuma sau ɗaya ake kunna murya, babu maimaici. Na ce kada ta damu, haka suke yi.

Bayan mako biyu sakamako ya fito. Biyar da rabi. A karatu, inda ban sa hannu ba, ta samu fiye da abin da ake nema. A sauraro da rubutu da magana, wato duk inda na taɓa, ta faɗi.

Mista Gao ya kira ni. Muka zauna a barandar nan, takardar tana kan tebur, Lan tana tsaye daga gefe, Ya Falmata tana tsintar shinkafa a kan tabarma kusa da ƙofar kicin. Bai ɗaga murya ba. Ya ce yana so ya san abin da ya faru, domin zai kira mahaifinta.

Na ce masa matsalar harshe ce. Na ce Turanci yana yi wa Sinawa nauyi a baki, wata uku bai isa ya gyara abin da aka haifi mutum da shi ba, kuma ga alama ta tsorata a ɗakin jarrabawa. Na yi maganar da kyau, da natsuwa irin ta masana. Ya gyaɗa kai, ya ce ya gane, shi ma haka yake fama. Ya tashi ya shiga ciki da waya a hannu.

Da ya shige sai na juya wajen Ya Falmata na ce da Hausa, don in wanke kaina a idonta, "Kin gani ko? Mutanen nan hadda kawai suka iya. Kan ba ya ɗaukar abin da ya wuce haka."

Ya Falmata ba ta ɗago ba. Lan ce ta amsa, da Hausa.

"Malam, abin da ka ce in yi, shi na yi."

Hausa ce sosai, da hawa da saukar murya daidai, har da ɗan karin Kanuri irin na Ya Falmata. Wata uku ina shiga gidan nan ban taɓa tambayar ko tana ji ba. Ashe shekara biyu tana bin Ya Falmata kasuwa, tana zama da ita a kicin, tana hira da matan ƙauyukan da ake haƙa wa rijiya. Wadda na ce harshe yana yi wa nauyi ta ɗauki harshen uwata a bakin murhu, ba tare da allo ko malami ba.

Ta tattara littattafanta ta shiga ciki. Ya Falmata ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Da na kai ƙofa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ni na kawo ka gidan nan, Malam Sani."

Kwana uku ban buɗe aji ba. A na huɗu na tafi Mafoni. Baba Musa ya tsufa ƙwarai a lokacin, idonsa ya yi rauni, yana zaune a kujerar roba a ƙofar gida da sanda a tsakanin ƙafafunsa. Na gaishe shi, na faɗa masa komai, ban rage ba.

"Me ka rubuta a kan harshensu?" ya tambaya.

Na ce ban rubuta komai ba.

"Ina agogo?"

Na ce yana gida.

"Kai kanka ka taɓa zama ka amsa jarrabawar?"

Na ce a'a.

"To me ka zo in gaya maka, ɗana? Ka riga ka sani. Je ka zauna a bencin ɗalibi, ka bar ta ta riƙe agogon."

Na koma GRA ranar Lahadi da safe, lokacin da na san Mista Gao yana fita duba rijiyoyi. Ku lura da wannan, domin da gangan na zaɓi lokacin. Ya Falmata ta buɗe mini ƙofa, ta amsa gaisuwata a taƙaice. Lan ta fito. Na ce mata ban taɓa shirya kowa wannan jarrabawar ba, ban taɓa ganinta ba sai a littafinta, abin da 'yan ƙasarsu suka rubuta gaskiya ne, kuma ni na kayar da ita. Ta ce ta sani tun mako na biyu, ranar da na ce sautin waya ba shi da kyau. Na ajiye agogon a kan tebur na ce ta ba ni gwaji cikakke, kamar yadda aka yi mata.

Awa uku na yi a kujerar nan. Ta kunna muryoyin sau ɗaya. Ina neman amsar tambaya ta huɗu, masu maganar sun kai ta bakwai. A karatu agogo ya yi ƙara saura shafi guda ban buɗe ba. Ta duba da amsoshin da ke bayan littafi, ta rubuta makin a ƙasan takarda ta juyo mini da ita. A sauraro na samu ƙasa da abin da ta samu a Abuja. Ba ta yi dariya ba. Ta tambaya ko zan zo gobe ƙarfe huɗu.

Daga nan ne na fara koyon aikin da kuke cewa hira ce. Na sayi sabon littafi na koma bencin baya, kamar zamanin Mafoni. Na sa ta ta yi magana minti biyu a kan kowane abu, ina ɗauka a waya, mu saurara tare, in tambaye ta yadda ake faɗin wannan a harshensu. Nan na gano cewa a bakinsu "shi" da "ita" sauti ɗaya ne, shi ya sa za ta fara labarin mahaifiyarta ta ƙare da namiji ba ta ji komai ba. Na gano aikatau ɗinsu ba ya sauya siffa don jiya ko gobe, kalmar lokaci kawai suke sawa, don haka in ta ce "jiya" a farkon jimla sai ta ga ta gama aiki. Ƙananan kalmomin nan da Turanci ke sawa a gaban suna babu su a harshensu sam. Yawancin gaɓoɓinsu da wasali suke ƙarewa ko da sautin hanci, shi ya sa take haɗiye ƙarshen kalmar Turanci ko ta liƙa mata wasali, kuma a ƙarshen kalmar ne Turanci ke ɓoye jam'i da shuɗaɗɗen lokaci. A yankinsu ma akwai haruffa biyu da ba a bambanta su, waɗanda wani Basine daga wani yankin yake bambantawa lafiya. Kada ku ɗauka duk ɗaya ne.

A rubutu kuma ta saba da kewayawa, ta jera dalilai sannan ta faɗi ra'ayinta a ƙarshe, domin a wajensu haka ne ladabi. Mai duba takardar kuwa yana son ya ga matsayinka tun a sakin layi na farko. Wannan ya ɗauke mu mako uku. Na ƙona insha'in hadda, na hana manyan kalmomin da ni na cusa mata, kuma cire su ya fi sa su wuya. Akwai wata kalma mai gaɓa biyar da na koya mata a maimakon "amfani", sai da muka yi wata guda tana faɗowa daga bakinta. Furucin da ta kwasa daga wajena ma sai da muka bi shi ɗaya bayan ɗaya, ni da ita muna maimaita abin da muryar waya ta faɗa, domin ni ma gyaran nake buƙata. Ya Falmata takan leƙo ta same mu muna hura takarda a gaban baki don mu ga ko iska ta fita a harafin da ya kamata. Ba ta yi mini magana mai tsawo ba sai bayan wata biyu.

Kowace Lahadi gwaji cikakke, mu biyu, agogo a tsakiya. Ita ta fara wuce ni a sauraro, ta kuma ci gaba da wuce ni.

Bayan wata huɗu ta koma Abuja ta samu bakwai da rabi. Sai dai wa'adin jami'ar ya wuce tun tuni. Ta rubuta musu, suka ce za su riƙe mata gurbi zuwa shekara mai zuwa, amma tallafin an ba wani. Ba tare da tallafi ba iyayenta ba za su iya ba. Ta ƙara shekara biyu a nan tana auna ruwa, sannan ta samu wata makarantar, ƙarama, ba wadda ta so ba, ba kuma fannin da ta so ba. Wannan shi ne abin da amsata ta kalma biyar a baranda ta jawo mata.

Sinawan da kuke gani ina koyarwa ta waya yanzu, ta hannunta suka fara zuwa. Na farko ɗan ƙanwar mahaifiyarta ne. Na tambaye ta me ya sa za ta turo mini ɗan'uwanta bayan abin da ya faru. Ta ce, da Hausarta, "Ka riga ka gama kuskuren a kaina, Malam. Shi ba za ka yi masa ba." Ni kuma sai da na je Abuja na zana jarrabawar da kaina kafin na karɓe shi.

Saboda haka duk wanda yake son in ba shi ɗalibi a cikinku, zai fara da bencin baya da littafi, zai zauna gwaji da agogo, kuma in ɗalibi ya tambaye shi abin da bai sani ba zai ce bai sani ba. Mutumin da ke ɗaya gefen wayar ba hira ya zo yi ba. Wani aikinsa ne ke rataye a kan rabin maki, wata kuma aurenta da tafiyarta.

Saura abu ɗaya ban faɗa muku ba, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai Baba Musa kafin ya rasu. Mista Gao bai taɓa sanin gaskiya ba. Lan ba ta gaya masa ba, ta ce ba nata ba ne ta faɗa. Abin da na gaya masa a baranda shi ya gaya wa mahaifinta, cewa ta tsorata, cewa harshenta ne. Sau uku ina samun damar gyarawa. Sau ɗaya ya same mu muna gwaji ya tsaya yana kallo, na yi shiru. Sau ɗaya ya rage mini hanya a motarsa tun daga GRA har Fezzan, mu biyu kawai a baya, na yi ta ba shi labarin zafin gari.

Na ukun ranar da zai bar ƙasar ne, bayan kwangilarsu ta ƙare. Na je sallama da maganar a shirye, na maimaita ta a cikin keke tun daga gida. Na same shi a bakin ƙofa ana loda akwatuna, Lan da Ya Falmata suna tsaye a bayansa. Ya kama hannuna da hannu biyu. Ya ce ya gode da haƙurin da na yi da yarinyar, wani malamin da tuni ya gudu bayan faɗuwar farko, amma ni na tsaya har na gyara ta. Ya ce zai gaya wa mahaifinta irin mutumin da nake.

Lan tana kallona. Ya Falmata ma tana kallona. Direba ya tayar da mota.

Na ce, "Babu komai. Allah ya kiyaye hanya."